Ɗan majalisarmu ya ɓace tun bayan zaɓe: kiranye za mu yi masa ko zama?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu. Tun da aka rantsar da ɗan majalisarmu na tarayya a 2023 ba mu sake zama da shi ba, sai dai mu ji an ce ya zo ya raba babura da kekunan ɗinki ya koma Abuja. Matasa sun ce mu tara sa hannu mu yi masa kiranye, dattawa kuma sun ce mu yi ayari mu je gidansa gaisuwa. Wace hanya ce za ta sa ya saurare mu, ya riƙa yi mana bayanin abin da yake yi da sunanmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuka ɗaukar wa garinku. Na daɗe ina aiki da ƙungiyoyin gari irin taku wajen bin diddigin kasafin kuɗi da ayyukan mazaɓu, kuma shawarata ita ce ku jingine maganar kiranye, kada kuma ku je gidansa gaisuwa. Ku gayyato shi garinku, a zauna a gaban jama'a, kuna riƙe da takarda, a rubuta abin da ya faɗa, a sa ranar da zai dawo. Ga dalilaina.

Kiranye yana nan a doka. Sashe na 69 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanade shi ga sanatoci da 'yan Majalisar Wakilai, sashe na 110 kuma ga 'yan majalisar jiha. Sai dai ka dubi sharaɗin da kyau: dole takardar koken ta samu sa hannun fiye da rabin mutanen da suka yi rajistar zaɓe a mazaɓar. Duk mai rajista ake ƙirgawa, ko ya fito ranar zaɓe ko bai fito ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin masu rajista sama da miliyan 93, kimanin kashi 27 cikin ɗari ne suka jefa ƙuri'a. Wato ana neman ku tara jama'ar da ko ranar zaɓe ba a saba tarawa ba. In kun tara, sai hukumar INEC ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90.

An gwada. A Kogi ta Yamma an kai wa INEC sa hannu 189,870 don a dawo da Sanata Dino Melaye gida. Da aka zo tantancewa ranar 28 ga Afrilu, 2018, sa hannu 18,742 ne kawai suka tabbata, kimanin kashi 5 cikin ɗari na masu rajista. A 2025 an kai koke a kan Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya, INEC ta ƙirga sa hannu 208,132 cikin masu rajista 474,554, ta ce bai kai rabi ba, maganar ta mutu a nan. Tun 1999 har yau babu ɗan majalisar tarayya ko ɗaya da kiranye ya raba shi da kujerarsa. Ɗan majalisarku ya san wannan sarai, don haka barazanar ba za ta hana shi barci ba. Ku kuwa za ku ƙarar da kuɗin ƙungiya da ƙarfin matasanku, ku raba garin gida biyu, a ƙarshe a ce aikin abokan hamayyarsa kuke yi.

Gaisuwar gida kuma ta fi kiranye haɗari, domin ita tana kama da nasara. Za ku yi ayari, a ajiye ku a rumfa ku yi awa uku kuna jira, a shigar da mutum biyar, a gaisa, a yi addu'a, mai magana da yawunku ya fara da yabo. Kafin ya iso kan batun asibiti an kira sallah. Da za ku fito a miƙa wa shugaba ambulan ɗin kuɗi, a ce na mota ne. Idan baki ya ci, ido ya ji kunya. Na taɓa raka wata ƙungiya irin wannan tafiya, mun tafi da buƙatun gari guda huɗu a rubuce, muka dawo da alkawarin kujerar Makka ga dattijon da ya jagorance mu, takardar kuma ko buɗe ta ba a yi ba. Dattijon mutumin kirki ne, har yau ina ganin girmansa. Wurin ne ya fi ƙarfinsa: a gidan mutum kai baƙo ne, baƙo kuwa ba ya titsiye mai masaukinsa.

Dattawanku suna da gaskiya a wuri ɗaya, cewa ba da zagi ake samun kan mutum ba. Ku riƙe wannan. Amma girmama shugaba ba ta taɓa hana a tambaye shi ba. Duk wanda ya zauna gaban malamai ya ji huɗubar Sayyidina Abubakar ranar da aka yi masa mubaya'a, inda ya nemi a taimake shi in ya yi daidai, a daidaita shi in ya karkace. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkinmu ma ya ce mulki na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samun ikonta. Kuma kada ka ji nauyin cewa kuna ɗora masa ɗawainiya. A 2018 Sanata Shehu Sani ya bayyana cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 a wata na gudanar da ofis, a 2024 kuma Sanata Kawu Sumaila ya shaida wa BBC Hausa cewa abin da yake karɓa a wata ya kai miliyan 21. Na 'yan Majalisar Wakilai bai kai haka ba, amma su ma ana ba su, ana kuma biyan hadimansu albashi daga baitulmali. Zuwa mazaɓa da sauraron jama'a yana cikin abin da aka ba da kuɗin dominsa.

Kafin ku rubuta takardar gayyata, ku zauna ku tsefe abin da yake wuyansa da abin da ba ya wuyansa, don a nan ƙungiyoyi da yawa ke faɗuwa. Aikin ɗan majalisar tarayya shi ne yin doka, da amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido a kan ma'aikatu da hukumomin tarayya, wanda sashe na 88 da na 89 suka ba majalisa ikonsa, da kai koken mazaɓarsa zauren majalisa. Makarantar firamare, da asibitin sha-ka-tafi, da magudanar ruwa, da kasuwar gari, galibi haƙƙin ƙaramar hukuma ne da gwamnatin jiha. In kuka tare shi da cewa rufin firamarenku ya yaye, zai ce wannan na ciyaman ne, ya kuma faɗi gaskiya, sai ya sulale ta wannan ƙofa. In kuwa kuka ce masa: ga kuɗin da hukumar UBEC mai kula da ilimin matakin farko ke ware wa jihohi, wanda jiha ba ta iya ɗauka sai ta ajiye nata kason, me ka yi don a ɗauko namu? To nan kun shigo gonarsa.

Akwai wata tambaya da ban cika jin an yi wa 'yan majalisa ba, alhali ita ce asalin wakilci: wane ɓangare ka tsaya? Yawancin ƙuri'un majalisarmu da murya ake yin su, masu goyon baya su ɗaga murya, masu adawa su ɗaga, shugaba ya buga guduma. Babu rubutaccen jerin da za ka duba ka ga matsayin wakilinka, sai in kai ka tambaye shi. Ka tuna ƙudurorin gyaran haraji da Shugaba Tinubu ya aika majalisa a Oktoban 2024, waɗanda gwamnonin Arewa suka fara yi wa turjiya saboda tsarin rabon harajin kayayyaki, aka yi ta kai-komo har aka sa musu hannu a Yunin 2025. Arewa ta yi watanni tana muhawara a rediyo da Facebook. Kuna da haƙƙin ya tsaya a gabanku ya ce ga abin da na goya wa baya, ga abin da na ƙi, ga hujjata.

Yanzu sai baburan nan da kekunan ɗinki. Mutane da dama suna ɗauka daga aljihunsa ya sayo, shi ya sa ake guɗa ana masa kirari. Mafi yawansu kuɗin gwamnati ne. Shekaru da yawa ana ware naira biliyan 100 a kowane kasafin tarayya don ayyukan mazaɓu, a raba wa sanatoci 109 da wakilai 360, kowa ya zaɓi abin da za a yi a yankinsa, ban da ayyukan da suke cusawa a kasafin ma'aikatu. A Nuwamban 2019 Shugaba Buhari da kansa ya faɗa a taron hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci cewa an ware kusan naira tiriliyan ɗaya a kan waɗannan ayyuka cikin shekara goma, amma talaka bai gani a ƙasa ba. A doka ba a miƙa wa ɗan majalisa kuɗin a hannu; wata ma'aikata ko hukuma ce ke ba da kwangilar. Shi ya sa za ka tarar da aikin fitilun titi na garinku a ƙarƙashin wata kwalejin noma ko cibiyar bincike da ke wata jiha mai nisa, inda ba wanda zai yi tunanin dubawa. Abin da ake kira tallafi da horaswa kuma ya fi komai wuyar bi. Rijiyar burtsatse in ba a haƙa ba kowa zai gani. Babur ɗari da aka rubuta, aka raba arba'in, wa zai ƙirga?

Saboda haka aikinku na farko na takarda ne. Dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara tana shafin intanet na Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya, kyauta. Ku sa yaranku biyu da suka iya kwamfuta su nemo sunan ƙaramar hukumarku da na garuruwanku a ciki, shekara bayan shekara tun daga 2024. Kowane aiki yana da lamba, da adadin kuɗi, da sunan hukumar da aka danƙa wa. Ƙungiyar BudgIT tana da shiri mai suna Tracka da ke wallafa irin wannan jeri jiha-jiha, zai rage muku wahala. In kun fitar da jerin, ku taka da ƙafa ku duba kowane aiki, ku ɗauki hoto, ku rubuta ranar da kuka je. Ku tambayi mai unguwa da shugaban makaranta da ma'aikacin asibiti, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda aka yi, ku rubuta an yi. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, don ranar da aka kama ku da ƙarya ɗaya, duk sauran gaskiyarku ta zube.

Ku kuma sani cewa sanya aiki a kasafi daban, sakin kuɗinsa daban. Sau da yawa ana rubuta aiki a ƙi sakin kuɗin, ko a saki rabi. Kada ku shiga taro da cewa ya cinye. Ku tambaya: an saki kuɗin? Nawa? Wane ne ɗan kwangilar? In an biya shi, me ya sa ya tsaya?

Takardar gayyata ta fito da sunan ƙungiyoyi da yawa, kada ta zama taku ku kaɗai: 'yan kasuwa, manoma, malaman makaranta, direbobi, masu buƙata ta musamman, limamai, da shugabannin coci in akwai su a garinku. Ku sanar da hakimi ko dagaci tun da wuri don girmamawa, amma kada a yi taron a fada, kada kuma a yi shi a ofishin jam'iyya. Ɗakin taro na makaranta ya fi. Ku ba shi ranaku biyu ko uku ya zaɓa a lokacin da majalisa ke hutu. Dogon hutunsu yakan kama daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, suna kuma tashi hutun sallah. Ku haɗa masa da tambayoyin tun kafin ya zo. Wasu matasa za su ce ai an ba shi satar amsa. Ku bar shi ya shirya. Amsa mai lamba da rana kuke nema, kuma mutumin da ya tabbata ba tarko aka ɗana masa ba ya fi saurin amsa gayyata.

Ranar taro kuwa, ku biya kuɗin kujeru da lasifika da ruwan sha daga aljihunku, ko da karo-karo ne. Kada a karɓi ko sisi daga wajensa. Ku roƙe shi tun a takarda cewa ban da maroƙa da makaɗa da 'yan jagaliya, ku ma ku tsare naku matasan daga ihu da jifa. Mai gabatarwa ya zama mutumin da kowane ɓangare ke jin kunyarsa, tsohon shugaban makaranta ko alƙalin da ya yi ritaya. Batutuwa kada su wuce huɗu ko biyar. Ku kafa doka ɗaya da ba sassauci a cikinta: ba a kawo buƙatar kai. Mai neman aiki ga ɗansa, da mai takardar asibiti, da mai aurar da 'ya, duk su jira a tashi.

A kan wannan ina so in yi wa 'yan majalisa adalci, domin na ga abin da idona. Mutum zai iso gida da dare, kafin asuba ƙofarsa ta cika: suna, biki, kuɗin makaranta, kuɗin tiyata. Talauci ne ya kawo mutane, ba na zarginsu. Amma mu ne muka koya wa wakilanmu cewa da wannan za mu auna su. Wanda ya yi shekara huɗu yana aikin kwamiti tsakani da Allah sai a ce ba ya alheri, wanda ya raba taliya da atamfa a ce shi ne ɗan amana. Zaman da nake ba ku shawara yana sauya ma'aunin, kuma ɗan majalisa mai hankali zai gane cewa shi ma sauƙi ne gare shi, don ya samu wurin da zai nuna aikinsa ba tare da ya buɗe jaka ba.

Kada ku manta da mata. Su ne ke cika layi ranar zaɓe, su ne ke kwana a asibiti da yara, su suka san ranar da famfo ya daina kawo ruwa, amma a babban taro da wuya su karɓi lasifika a gaban iyayensu da surukansu. Ku shirya musu zama nasu kafin ranar, ta hannun malaman Islamiyya mata da ungozomomi da shugabannin adashe, su fitar da tambayoyinsu, su zaɓi waɗanda za su yi magana, a ware musu lokaci tun a farkon taro kafin a gaji.

Kai sakatare, ranar nan alƙalaminka ne taron. Duk alkawarin da ya yi, ka rubuta shi da kalmominsa: me zai yi, wa zai tuntuɓa, zuwa yaushe. In ya ce "in sha Allahu za mu duba", mai gabatarwa ya amsa da ladabi: Allah ya yarda, ranka ya daɗe, zuwa wane wata za mu ji sakamakon dubawar? Kafin a yi addu'ar tashi a karanta abin da aka rubuta kowa ya ji, ya sa hannu, ku sa hannu, a tsayar da ranar zama na gaba bayan wata shida. A liƙa kwafi a ƙofar makaranta da bakin kasuwa, a karanta a rediyo. Zama na farko yakan ƙare da daɗin baki. A zama na biyu, idan aka buɗe da karanta alkawuran baya ɗaya bayan ɗaya ana cewa wannan an yi, wannan ba a yi ba, a nan ne yake gane cewa garin ya fara ajiye lissafi.

To idan ya ƙi zuwa fa? Yana iya ƙi, ko ya turo hadimi. In ya turo hadimi ku karɓe shi, ku rubuta cewa wakili ya turo. In ba wanda ya zo, ku yi taronku, ku karanta jerin ayyukan da abin da kuka gani, ku sake aika masa takarda. Daga nan akwai ƙofofi da doka ta buɗe muku. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma dole ta amsa cikin kwana bakwai. In ta ƙi, kuna da kwana 30 ku garzaya kotu. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Ku rubuta wa hukumar da aka danƙa wa aikin, ku nemi sunan ɗan kwangila da abin da aka biya shi. In ta bayyana an biya ba a yi ba, hukumar ICPC tana da shirin bin diddigin ayyukan mazaɓu tun 2019, kuma ta sha tilasta wa 'yan kwangila komawa bakin aiki. Majalisun biyu suna da kwamitin sauraron koke-koken jama'a, kuma ba dole sai ta hannun wakilinku koken zai shiga ba, wani ɗan majalisa zai iya gabatar muku.

Rediyo makami ne babba a ƙasar Hausa, amma ku kiyaye yadda za ku shige ta. In kuka shiga da zagi, washegari za a saya wa sojojin baka fili su rama, maganar asibitinku ta koma cacar baki tsakanin mutum biyu. In kuka shiga da lambar aiki da adadin kuɗi da ranar da kuka je kuka ga fili fetal, sojan baka ba shi da abin cewa.

Idan matasanku suna ganin wannan hanya ta yi sanyi, ka ba su labarin Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka a Zamfara. A 2010 aka gano gubar dalma daga sarrafa ma'adinin zinare tana kashe yara a ƙauyukan yankin, aka rasa kimanin yara 400. A Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, aka yi watanni kuɗi ba su fito ba, likitoci kuma ba sa iya fara jinyar yaran Bagega sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar. Matasa irin su Hamzat Lawal, waɗanda suka kafa shirin Follow The Money, tare da wasu ƙungiyoyi, suka riƙe adadin nan da ranar alkawarin suna ta maimaitawa, har kwamitin muhalli na Majalisar Dattawa, wanda Sanata Bukola Saraki ke shugabanta a lokacin, ya shiga maganar. A farkon 2013 aka saki kuɗi, aka fara aikin share garin, daga baya aka fara jinyar yara.

Abu ɗaya da zan ƙara, wanda masu aiki irin namu ba su cika son faɗa ba: ɗan majalisa ya fi tsoron shugabannin jam'iyya da gwamna a kan mai jefa ƙuri'a, domin su ne ke ba da tikiti. Shugabannin jam'iyya na mazaɓu kuwa 'yan garinku ne, da ku suke sallah, 'ya'yansu na zuwa asibitin da naku ke zuwa. Ku gayyace su taron, na jam'iyyarsa da na hamayya, ku ba su kujera a gaba, su ji alkawuran da kunnensu, ku ba kowannensu kwafin takardar. In lokacin fitar da 'yan takara ya zo, za ta yi muku aiki a ɗakin da ku ba za ku shiga ba.

In kuka ga na Abuja ya yi muku nisa a karon farko, ku fara gwaji da kansila da ciyaman da ɗan majalisar jiha. Tun 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma duk da jan ƙafar da ake yi wajen aiwatarwa, ana wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata. Ka nemo adadin na watanni shida da suka wuce, ka rubuta shi a allo da manyan lambobi, ka kai zaman ƙungiyarku na wannan makon. Allah ya dafa muku, ka gaishe mini da dattawan.